Maganin kashe sha'awar abinci da ake sha na wata uku: ya dace da mai hawan jini?

"Likita, barka da aiki. Ni 'yar kasuwa ce, ina zaune a Aboabo a nan Kumasi, shekarata 44, 'ya'yana biyar. Nauyina kilo 98, tsawona mita 1.62, kuma gwiwoyina sun fara damuna har ina yin wasu salloli a zaune. Ina shan amlodifin saboda hawan jini, awon da aka yi mini na ƙarshe ya nuna 156 bisa 98. Ƙanwata da ke Amurka ta ce likitanta ya rubuta mata wata ƙwaya mai suna phentermine, ta sha wata uku ta zube sosai, kuma ta ce za ta aiko mini da ragowar nata. Bikin 'yata saura wata huɗu. Shin maganin yana aiki da gaske? Zan iya sha? Kuma me ya sa ake cewa na ɗan lokaci ne kawai?"

Hajiya, barka kadai, Allah ya sanya alheri a bikin. Tambayoyinki uku ne, kuma zan fara da ta tsakiya domin ita ce ba ta jiran dogon bayani. Da awon jini na 156 bisa 98, alhali kina kan magani, bai kamata ki sha wannan ƙwaya yanzu ba, ko likita ne ya rubuta miki ita, balle ragowar wadda aka rubuta wa wata. Maganin ba na bogi ba ne, yana rage nauyi, kuma akwai mutanen da ya dace da su. Sai dai hanyar da yake bi ya kashe yunwa ita ce dai hanyar da ke hanzarta bugun zuciya, tana iya kuma ɗaga jini, naki kuwa bai sauka inda ake so ba tukuna.

Mene ne maganin, kuma yaya yake aiki

Fentamin, wanda za ki ga an rubuta phentermine a jikin kwali, tsohon magani ne. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 1959, kuma ana sayar da shi da sunaye irin su Adipex-P a Amurka da Duromine a Afirka ta Kudu da Ostireliya. Yana da 'yan'uwa da ke aiki iri ɗaya da shi, kamar dayetilfurofiyon, wanda a Turai ake kira amfefuramon, da fendaimetirazin da benzfetamin. Dukkansu dangin amfetamin ne a ƙirarsu, ko da yake ba su kai shi ƙarfi ba, shi ya sa aka sanya su cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta ce a riƙa sa wa ido.

A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke lura da yunwa da ƙoshi da ƙishirwa da zafin jiki. Fentamin yana sa jijiyoyi su ƙara sakin wani sinadari mai suna noradirenalin, wanda jiki kan saki da kansa idan mutum ya firgita ko ya shiga tashin hankali. Kowa ya san cewa wanda ya ji mummunan labari ba ya iya cin abinci, bakinsa ya bushe, gabansa yana faɗuwa, barci ya ƙaurace masa. Ƙwayar tana kwaikwayon wannan yanayi ne a hankali tsawon yini. Saboda haka bushewar baki da rashin barci da bugun zuciya da rashin natsuwa da ake lissafawa a matsayin illolinta daga tushe ɗaya suke da amfaninta, ba a iya raba su gaba ɗaya. Ba ta narkar da kitse, ba ta wanke ciki. Abin da take yi shi ne rage yawan abin da hannu ke kaiwa baki, kuma idan mutum ya ci gaba da ci kamar da, saboda sabo ko zaman shago ko damuwa, sikeli ba zai motsa ba.

Ta fuskar nauyi kaɗai kin shiga cikin waɗanda ake duba wa magani. Ana raba kilo da tsawo sau tsawo, naki ya ba da kusan 37, ƙa'ida kuwa ita ce 30 zuwa sama, ko 27 idan akwai ciwon suga ko hawan jini ko makamancinsu. Ba ke kaɗai ba ce a wannan hali: binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2014 ya nuna kashi 40 cikin ɗari na matan Ghana masu shekarun haihuwa nauyinsu ya wuce ƙima, kuma abin ya fi yawa a birane irin Kumasi da Accra.

Nawa yake ragewa, kuma me ya sa wata uku

Idan aka haɗa gwaje-gwajen da aka kwatanta masu shan fentamin da masu shan ƙwayar da ba komai a cikinta, dukkansu suna kan tsarin abinci ɗaya, bambancin ya kan tsaya a kilo 3 zuwa 4. Wannan matsakaici ne. Wasu sukan zarce shi nesa, kamar yadda ƙanwarki ta faɗa, wasu kuma ba sa ganin komai sai rashin barci. Waɗanda suka zube su ne ke ba da labari, waɗanda bai yi wa aiki ba sukan yi shiru, shi ya sa sunan maganin a bakin mutane ya fi aikinsa girma.

Batun ɗan lokaci yana da dalilai da suka haɗu. An yi wa maganin rajista a zamanin da ba a neman dogon gwaji, don haka takardarsa ta ce a sha na 'yan makonni, abin da likitoci suka fassara da mako 12. Jiki kuma yana sabawa da shi, bayan wasu makonni yunwa ta fara dawowa, kuma takardar ta yi gargaɗi ƙarara cewa idan hakan ta faru a daina, kada a ƙara yawansa. A nan ne mutanen da ke sha ba tare da likita ba suke faɗawa cikin haɗari, domin ƙwaya ɗaya takan zama biyu. Akwai likitoci a Amurka da ke ba da shi fiye da wata uku ga waɗanda zuciyarsu lafiya lau, suna dogara da bin diddigin takardun marasa lafiya, amma wannan bai kai ƙarfin babban gwaji da aka tsara domin duba lafiyar zuciya ba, kuma ba a kan masu jini irin naki aka gina shi ba.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne cewa ƙiba ba ciwon wata uku ba ce. Idan mutum ya rage nauyi, jikinsa yakan ɗauki hakan a matsayin fari ne ya zo: sinadarin da ke tayar da yunwa ya ƙaru, wanda ke sanar da ƙoshi ya ragu, kuma jiki ya rage ƙarfin da yake ƙonawa ko a zaune. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 2011 ya nuna cewa wannan sauyi yana nan har shekara guda bayan an rage nauyin. Ranar da aka ajiye ƙwayar, yunwar da aka danne tana dawowa ta tarar da jikin da ke neman mayar da abin da ya rasa. Ke 'yar kasuwa ce, kin san bashin wata uku: wadda ta zuba shi a jari takan fita da riba, wadda ta kashe shi a hidima kuwa ranar biya takan tarar da ita inda take, ko ƙasa da haka. A cikin waɗanda nake gani a asibiti, waɗanda suka amfana da irin wannan magani su ne suka yi amfani da makonnin da yunwa ta lafa suka sake girman kwanonsu da lokacin cin abincin darensu, har sabon tsarin ya zauna musu. Waɗanda suka sa ranar biki ko ranar suna a gaba sukan dawo bayan shekara da nauyinsu na da, wasu da ƙari, ga kuma karayar zuciya da zargin kai, alhali ba rashin ƙoƙari ne ya jawo ba.

Dalilin da ya sa likitoci ke taka-tsantsan

Tarihin wannan rukuni na magunguna ba mai daɗi ba ne. A shekarun 1990 an yi yayin haɗa fentamin da wani magani mai suna fenfuluramin a Amurka, miliyoyin mutane suka sha. A watan Yuli na 1997 likitocin asibitin Mayo suka ba da rahoton mata 24 da ƙofofin zuciyarsu suka lalace, kuma a watan Satumba na shekarar aka janye fenfuluramin da ɗan'uwansa daga kasuwa. Fentamin ya tsira domin an gano cewa abokin haɗin nasa ne ya fi ɗaukar alhaki, amma gargaɗin bai fita daga takardarsa ba, tare da gargaɗin wata cuta da ba ta da yawa amma tana kisa, wato hauhawar jini a jijiyoyin huhu. Sibutiramin, wanda aka sayar da sunan Reductil da Meridia, an janye shi a 2010 bayan babban gwaji ya nuna ƙarin ciwon zuciya na farat ɗaya da shanyewar ɓarin jiki ga masu matsalar zuciya. A 2022 kuma hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar janye amfefuramon, kuma babban dalilinta abin lura ne gare mu: an ga cewa mutane suna sha fiye da wata uku, ana kuma ba wa masu ciwon zuciya da masu taɓin hankali, duk da gargaɗin da aka yi ta yi. Idan ƙasashen da ke da tsauraran matakai sun kasa tsare iyakar, sai mu yi tunanin abin da zai faru da ƙwayar da ta iso cikin jakar matafiyi.

Waɗanda aka hana wa maganin gaba ɗaya sun haɗa da mai hawan jinin da bai daidaita ba, da wanda ya taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko rikicewar bugun zuciya, da mai maƙoƙon da ke aiki fiye da ƙima, da mai hawan ruwan ido, da wanda ya taɓa faɗawa shaye-shaye, da mai ciki ko shayarwa. A shekara 44 ciki yana iya shiga, don haka wannan ma tambaya ce da za a yi miki. Matsalar ita ce yawancin waɗannan ba a ganinsu a fuska. Hawan ruwan ido ya yi yawa a Ghana kuma yakan cinye gani ba tare da ciwo ba, sai an auna ake sani. Likitan ƙanwarki ya duba ta ne ya rubuta mata, bai ga jininki ba, bai saurari zuciyarki ba.

Akwai kuma abubuwan da takardar da aka rubuta a Amurka ba za ta ambata ba amma suna cikin rayuwarmu ta Zango. Goro yana da sinadarin kafin (caffeine) mai zaburar da jiki, haka attaya da shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari na gwangwani, kuma duk suna tura zuciya zuwa inda fentamin ke tura ta. Magungunan mura da ke buɗe hanci suna ɗaga jini. Tiramadol, wanda wasu mata ke sha saboda ciwon gwiwa da gajiyar kasuwa, bai kamata ya haɗu da shi ba, haka wasu magungunan damuwa. Mai shan insulin ko ƙwayar suga, idan cinsa ya ragu kwatsam, sugansa na iya faɗuwa. Ga azumi kuma, ƙwayar da safe ake shanta domin kada ta hana barci, tana busar da baki, kuma mai azumi a rana irin ta kasuwar Kejetia ba ya buƙatar abin da zai ƙara masa ƙishi ya kuma hana shi cin sahur.

Abin da ya fi ba ni tsoro

Fentamin na gaskiya, duk da haɗarinsa, an san abin da ke cikinsa da yawansa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shayin rage teɓa da kofi da ƙwayoyin da ake tallatawa a WhatsApp da TikTok da cikin motocin haya, ana cewa ganye ne zalla. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gwada irin waɗannan kaya su tarar da sibutiramin a ɓoye, wato maganin nan da aka janye a 2010, wani lokaci tare da maganin gudawa ko na fitsari. Idan mace ta zo mini da faɗuwar gaba da rawar hannu da jinin da ya ƙi sauka, nakan tambaye ta abin da take sha ban da maganin asibiti, kuma sau da yawa sai an yi ta lallashi kafin ta ambaci shayin, domin a ganinta shayi ba magani ba ne. Duk ganyen da ya kashe miki yunwa tun ranar farko, ya busar da baki, ya hana barci, ki ɗauka akwai abin da ba a rubuta ba a cikinsa.

Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ɗora wa Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Ghana alhakin rajistar duk maganin da za a sayar, don haka ki riƙa neman lambar rajistarta a jikin kaya. Ƙananan kemis na unguwa lasisinsu na magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne. Duk wanda ya miƙo miki irin wannan ƙwaya a ƙulle cikin leda ya karya doka, kuma ba shi da abin da zai yi miki idan ta juya miki.

Abin da zan fara yi da ke

Da a gabana kike, jinin zan fara kamawa. Amlodifin shi kaɗai sau da yawa ba ya isa, akan ƙara wani a kansa, kuma ana son awo ya sauka ƙasa da 140 bisa 90 ya zauna a can. Ki sani kuma amlodifin yana kumbura ƙafa ga wasu, ruwa ne ba kitse ba, kada ki daina shi da kanki saboda haka. Zan nemi awon suga da kitsen jini da aikin ƙoda, da na maƙoƙo idan akwai alama, in tambaye ki ko kina minshari mai ƙarfi kina tashi a gajiye. Zan kuma bi magungunan da kika sha a baya, domin allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana ƙara wa wasu nauyi, haka deksametason da sifuroheftadin, waɗanda 'yan mata ke sha domin su yi jiki kafin aure, sai abin ya bi su shekaru. Ana iya fara duk wannan a asibitin Manhyia da ke kusa da ku, a tura ki asibitin koyarwa na Komfo Anokye idan ana buƙatar ganin masanin abinci ko likitan zuciya.

Burin da ya dace shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki, wato kilo 5 zuwa 10. Yana iya zama kaɗan a idon mai neman sauya kamanni, amma a jiki babban abu ne: jini yakan sauka, gwiwa ta samu sauƙi. A wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2002, mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga, waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Rabin kilo a mako na wata huɗu ya kai ki cikin wannan iyaka.

Ba sai kin bar abincinmu ba. Wake da shinkafa abinci ne mai kyau, abin da ke nauyaya shi taliya ce da gari da soyayyen kifi da man shito da ake tulawa a kai. Koko ba laifi, sugan da ke ciki ne abin dubawa, haka sobolo da burkina da fura mai suga. Lemon kwalba mai mililita 330 yana ɗauke da suga kusan giram 35, kuma abin sha ba ya ƙosarwa. Tuwo ko fufu ko banku da dare, a rage malmala a ƙara miyar ayoyo ko kuka ko kuɓewa, a ci da wuri. Dunƙulen magi da kifi mai gishiri suna cikin abubuwan da ke riƙe jini a sama. Gwiwa mai ciwo ba ta son gudu, amma tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri bayan asuba, minti goma a farko, tana ƙaruwa a hankali.

Idan aka zo ga magani, akwai waɗanda ba sa zaburar da zuciya. Olistat yana aiki a hanji, yana hana kusan kashi ɗaya cikin uku na man da aka ci shiga jiki, illarsa kuwa bayan gida mai maiƙo idan an ci soye-soye. Alluran zamani irin su liragulutayid da semagulutayid sun fi ƙarfi nesa, na biyun ya rage kusan kashi 15 na nauyi a gwajin mako 68, amma suna da tsada ƙwarai, an samu jabunsu a kasuwannin duniya, kuma su ma nauyi yakan dawo idan an daina. Idan awo ya nuna suganki ya fara hawa, metfomin yana da araha kuma ba ya ƙara nauyi.

Ba zan iya yanke miki hukunci na ƙarshe ta rubutu ba, domin ban auna ki ba, kuma awon jini ɗaya ba ya ba da cikakken labari. Idan nan gaba jininki ya daidaita na tsawon watanni, zuciya da ido suka fita lafiya, likitan da ke ganinki ya ga dacewar gwada irin wannan magani daga famasi mai rajista, to da mafi ƙarancin awo ake farawa, da safe, ana duba jini da bugun zuciya a makonnin farko sannan kowane wata. Idan an kai mako 12 ba a rage kashi 5 cikin ɗari ba, an tabbatar bai karɓe ki ba, sai a ajiye. Ciwon ƙirji, ko haki a aikin da a da ba ya sa ki haki, ko suma, ko kumburin ƙafa sabo, ko bugun zuciya da ya ƙi lafawa, kowanne daga cikinsu dalili ne na daina sha a ranar da tafiya asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ki ba.